Dokar aikin jinya ta kama nas, ta bar wanda ya tsara mata aiki

Mara lafiyar da aka kwantar a asibiti ba shi da halin tantance wanda ke tsaye a kansa. Yana iya tambayar sunan likita, danginsa ma suna iya bin diddigin inda ya yi karatu. Amma wadda za ta ɗaura masa ruwa da tsakar dare, ta ƙirga ɗigon maganin da ke shiga jijiyarsa, ta kuma gane cewa numfashinsa ya sauya tun kafin na'ura ta yi ƙara, ba ya neman ganin takardarta. Ko da ya nema aka nuna masa, ba zai iya raba ta gaske da ta jabu ba. Saboda wannan raunin ne ƙasashe suka kafa hukuma ta musamman da za ta yi tambayar a madadinsa, ta kuma ajiye amsar a cikin rajista.

Sunan hukumar ya bambanta. A Birtaniya NMC ake ce mata. A Najeriya akwai Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta samar ta hanyar haɗe tsofaffin hukumomi biyu. A Amurka kowace jiha da tata, ko da yake jarrabawa ɗaya, NCLEX, suke rubutawa. Ostiraliya ta tattara na jihohinta ƙarƙashin tsari guda a 2010. Aikin dai iri ɗaya ne ko'ina: a amince da makaranta da abin da take koyarwa, a jarraba wanda ya gama, a rubuta sunansa, a gindaya masa ƙa'idojin aiki, in ya saɓa a hukunta shi, har ta kai ga goge sunan.

Abin da na kawo a nan shi ne wannan tsarin, duk da amfaninsa, rabin aiki ne. Yana sa ido a kan mutum ɗaya, nas ɗin da ke bakin gado, alhali mafi yawan abin da ke yanke ko mara lafiya zai tashi ko ba zai tashi ba wasu ne suka tsara shi a ofis, kuma su ba su da sunan da za a goge. (Zan riƙa cewa “ita” ne saboda kusan tara cikin goma na ma'aikatan jinya a duniya mata ne, ba don na manta da mazan ba.)

Asalin rajistar ma da gardama ta zo. Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, ba ta yarda da ita ba. A ganinta jarrabawa ba ta auna hali da tausayi, kuma su ne jigon aikin. Ethel Fenwick ce ta ja ragamar ɗaya ɓangaren, ta shafe shekara fiye da talatin tana fafutuka kafin majalisar Birtaniya ta zartar da dokar rajista a 1919, kuma ita aka ba lamba ta ɗaya. Kafin nan an riga su: yankin Cape a Afirka ta Kudu ya fara a 1891, Niyu Zilan ta yi cikakkiyar doka a 1901, jihar North Carolina ta bi a 1903. Tarihi ya ba Fenwick gaskiya. Amma a lura da abin da matan biyu suka yi tarayya a kai duk da saɓaninsu: dukkansu a kan nas suke magana, wannan tana cewa a duba halinta, waccan tana cewa a duba iliminta. Tambayar marasa lafiya nawa za a ɗora mata ba ta shiga dokar ba, kuma a yawancin ƙasashe har yau ba ta shiga ba.

Kada a ɗauka ina raina rajista. Wanda ke ganin takarda ce kawai ya tuna abin da hukumomin Amurka suka bankaɗo a watan Janairun 2023, lokacin da aka gano cewa makarantu uku a jihar Filorida sun sayar da takardun kammala karatun jinya na jabu sama da 7,600. Waɗanda suka saya ba su zauna a aji ba, ba su yi zagayen koyon aiki a ɗakin marasa lafiya ba, amma da takardun suka shiga jarrabawar ƙasa, wasu dubbai suka ci, suka karɓi lasisi. A shekarar ce kuma hukumar NMC ta Birtaniya ta sanar da cewa ta gano alamun an yi wa wasu sojan gona a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, abin da ya jefa kusan mutum dubu biyu cikin tsaka mai wuya, masu laifi da marasa laifi. Irin waɗannan su ne ainihin abin da aka kafa hukumar domin su, kuma ba wanda zai yi aikin in ba ita ba. Darasin Filorida ma ya fi zafi: cin jarrabawa ba ya maye gurbin horon da ake yi a kan gado, don haka hukumar da ta bar makarantu suna tsirowa ba tare da ta taka ƙafa ta ga ɗakunan gwajinsu da malamansu ba, ta riga ta yi sakaci tun daga ƙofa.

To amma mu ɗauki mafi munin abin da ake tsoro, wato nas mai kisa da gangan, mu ga a ina igiyar ta tsinke. Charles Cullen ya yi shekara 16 yana yawo tsakanin asibitocin jihohin New Jersey da Pensilbaniya kafin a kama shi a ƙarshen 2003, ya kuma amsa laifin kashe mutum 29. An sha zarginsa, an sha sallamarsa, amma kowane asibiti ya gwammace ya rabu da shi salin-alin don gudun shari'a da zubewar suna, sai na gaba ya ɗauke shi da lasisinsa garau. A Jamus, Niels Högel ya bar asibitin Oldenburg da takardar yabo a hannu, bayan an lura mace-mace na yawaita a lokacin aikinsa, ya koma Delmenhorst ya ci gaba. A 2019 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 85. An gurfanar da wasu daga cikin tsofaffin shugabanninsa a 2022, aka kuma sallame su. A labaran biyu, shirun masu asibiti ne ya tsawaita ɓarnar. Hukumar rajista ba ta gani da idonta, abin da aka kai mata shi take gani. Sai bayan Cullen ne New Jersey ta yi doka a 2005 da ta wajabta wa asibitoci kai rahoto da faɗin gaskiya idan wani asibitin ya nemi bayanin tsohon ma'aikaci.

Su Cullen ɗaiɗaiku ne, shi ya sa ake tuna sunayensu. Abin da ke kashe mutane kullum ba shi da suna, kuma an auna shi. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa bincike a kan asibitoci 168 na Pensilbaniya, inda suka samu cewa duk mara lafiya guda da aka ƙara wa nas, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 tana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka maimaita a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, sakamakon ya sake fitowa kashi 7. Binciken na biyu ya kuma nuna cewa inda masu digiri suka fi yawa a cikin ma'aikatan jinya, mace-mace sun fi ƙanƙanta.

Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane dalili. A ɗauki aikin dare a ɗaki mai gado ashirin da ma'aikatan jinya biyu. Ƙarfe goma lokacin rabon magani ne, kowane gado sai an duba kati, an duba sunan da ke hannun mara lafiya, an duba kwalba. Ana gado na shida sai ruwan gado na sha biyu ya ƙare, jini ya fara hawowa cikin roba. Kafin a gyara, wani tsoho ya yunƙura zai je bayan gida shi kaɗai, dole a riƙe shi. Ɗaya nas ɗin ta raka wanda aka turo daga ɗakin tiyata, tana karɓar bayani. A can lungu akwai wanda ya kamata a auna masa jini da bugun zuciya duk bayan awa ɗaya, an yi awa uku ba a leƙa shi ba, kuma shi ba ya kiran kowa, domin wanda jikinsa ke janyewa shiru yake yi. Da asuba in an same shi ya yi nisa, fayil zai nuna gurbi uku babu rubutu, kuma sunan da ke kan takardar aikin daren shi za a kai gaban kwamitin ladabtarwa. Kwamitin zai tambaye ta me ya hana ta awo. Ba shi da hurumin kiran wanda ya yanke cewa mutum biyu sun isa ɗakin, domin wannan ba ya cikin rajistarsa. Nan ne ake barin jaki a daki taiki.

Asibitin Stafford na Ingila ya nuna haka ƙarara. Tsakanin 2005 da 2009 mahukuntansa sun duƙufa wajen rage kashe kuɗi don samun wani matsayi na cin gashin kai, suka zaftare kusan fam miliyan 10 a shekara guda, suka rage guraben aiki alhali dama ma'aikatan jinya ba su wadata ba. Aka bar marasa lafiya cikin ƙazantar jikinsu, wasu da ƙishirwa, har masu zaman karɓar baƙi ne ke tantance waɗanda aka kawo sashen gaggawa. Rahoton Robert Francis, wanda ya jagoranci binciken lamarin, ya fito a Fabrairun 2013 da shawarwari 290. An goge sunayen wasu ma'aikatan jinya, kuma wasunsu sun cancanci haka, don har da masu sauya alƙaluma a takarda. An ci tarar hukumar asibitin, daga baya aka rushe ta. Amma shugaban gudanarwar da aka yi yankan a ƙarƙashinsa murabus kawai ya yi. Babu wata rajista da za a cire shi daga ciki.

Akwai kuma shari'ar jihar Tenesi da ta girgiza ma'aikatan jinya a duk duniya, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Disambar 2017 an rubuta wa wata dattijuwa mai shekara 75 maganin kwantar da hankali, Versed, kafin a ɗauki hoton jikinta. Nas ɗin ta je akwatin magani mai kwamfuta, ta buga haruffa biyu na farkon sunan, bai fito ba. Sai ta danna maɓallin tsallake kariya, wanda ta shaida daga baya cewa kullum ake danna shi a asibitin saboda matsalar na'urar, ta ɗauko vecuronium, maganin da ke sandarar da tsoka har ya tsai da numfashi. A jikin kwalbar akwai gargaɗi, ba ta karanta ba. Ta yi allurar ta tafi, matar ta rasu. Wannan sakaci ne, ba na neman a wanke ta. Amma da bakinta ta faɗi abin da ta yi nan take. Asibitin ne bai kai rahoto ga hukuma yadda doka ta tanada ba, ya sasanta da iyalan a ɓoye, har sai da wani ya tsegunta wa hukumomin tarayya kusan shekara guda bayan nan. Aka ƙwace lasisinta a 2021, kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci a Maris ɗin 2022, aka yanke mata zaman sa ido na shekara uku. Daga cikin waɗanda suka yi rufa-rufar ba a gurfanar da kowa ba. Duk nas ɗin da ta bi wannan shari'a ta fahimci saƙon: wadda ta faɗi gaskiya ita ta sha hukunci. Kuma asibitin da ma'aikatansa suka koyi ɓoye kuskure ya fi kowane haɗari, don kuskuren da aka ɓoye yau shi za a sake yi wa wani gobe.

Wasu wuraren sun fara ɗaura wa ɗaya ɓangaren igiya. Kalifoniya ta yi doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade iyakar marasa lafiyar da za a ba nas ɗaya: biyu a ɗakin kulawa ta musamman, biyar a ɗakunan kwanciya na gama-gari. Jihar Queensland ta Ostiraliya ta ƙayyade huɗu da rana, bakwai da dare a 2016, kuma binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna raguwar mace-mace da dawowa asibiti da tsawon kwanciya, har kuɗin da aka ceto ya ninka abin da aka kashe wajen ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Kalifoniya tana da kuɗi. Ƙasar da ma'aikatan jinyarta ba su kai ko kusa da abin da take buƙata ba, in ta rubuta “ɗaya ga biyar” a doka, ko dai dokar ta zama abin dariya, ko a rufe gadaje a mayar da mutane gida su mutu a can inda ba mai ƙirga su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 29.8 a duniya, da giɓin miliyan 5.8, kuma kashi 78 cikin ɗari nasu suna ƙasashen da ke ɗauke da rabin al'ummar duniya kacal. Doka ba ta haifar nas. Na yarda.

Sai dai ba lamba kaɗai ce hanya ba. Wales ta yi tata dokar a 2016, Sikotilan a 2019, kuma ba su kafa adadi guda ba. Abin da suka wajabta shi ne hukumar asibiti ta zauna ta lissafa ma'aikata nawa ɗaki ke buƙata bisa yanayin marasa lafiyarsa, ta yi iya ƙoƙarin cika adadin, ta kuma bayar da rahoto. A Wales har marasa lafiya dole a sanar da su. Wannan ba ya bukatar arziƙin Kalifoniya, alƙalami da gaskiya yake bukata. Ƙasa mafi talauci ma za ta iya wajabta cewa a rubuta a ƙofar kowane ɗaki: ana buƙatar shida, yau biyu ne, kuma wane ne ya sa hannu. Ba zai ƙaro nas ko ɗaya a daren ba, amma zai sa ranar da aka zo neman mai laifi a tarar da takarda biyu a kan tebur maimakon ɗaya.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke jan ƙafa a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. A tsarin lafiya na ƙasa, gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar aiki, ita ce kuma ke naɗa shugabannin hukumar rajista ko ta amince da su. Dokar yawan ma'aikata ita gwamnatin za ta fara kamawa. Ya fi mata sauƙi ta juya hukumar ta yi mata wani aiki na daban, kuma aikin da aka fi ɗora mata a 'yan shekarun nan shi ne gadin ƙofar fita.

Duk nas ɗin da za ta yi aiki a wata ƙasa sai hukumar ƙasarta ta aika da takardar tabbatar da cewa lasisinta na gaske ne kuma ba ta da wani laifi a kanta. Shaida ce kawai, amsar e ko a'a. Amma da yake ba a fita sai da ita, sai ta zama makulli. A Fabrairun 2024 hukumar Najeriya ta fitar da sanarwar cewa sai mai nema ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki bayan kammala karatu, ya kawo wasiƙa daga shugaban wurin aikinsa, kuma tantancewar za ta ɗauki aƙalla wata shida. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce sama da mutum 42,000 sun fice cikin shekara uku. Ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Filifins, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ma'aikatan jinya, ta dakatar da fitarsu gaba ɗaya a Afrilun 2020 lokacin korona, sannan ta koma ƙayyade mutum 5,000 a shekara.

Ina jin zafin da ke bayan waɗannan matakan. Ƙasa ta kashe kuɗi ta horar da mutum, wata mai arziƙi ta zo ta ɗauke shi a nune. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje ba ta da haƙori, kuma jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ta ce a daina farautar ma'aikatansu, bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba. Idan gwamnati ta biya wa ɗaliba kuɗin karatu bisa yarjejeniyar za ta yi wa ƙasa aiki na wasu shekaru, wannan halas ne, an faɗa mata tun farko ta sa hannu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bi ta bayan gida a riƙe shaidar da ke hannun hukumar rajista. Ranar da hukuma ta ƙi faɗin gaskiyar da ta sani game da nas don biyan bukatar ma'aikatar lafiya, ta tashi daga mai shaida ta koma 'yar aike. Sannan a dubi sharaɗin wasiƙar shugaban wurin aiki: nas ɗin da makomarta ke hannun sa hannun shugaba, ta yaya za ta kai ƙarar cewa ɗakinta ba shi da isassun ma'aikata? Kuma wadda aka tsare da ƙarfi ba a gyara abin da ya kore ta ba, tana iya barin aikin jinyar gaba ɗaya ba tare da ta tsallaka iyaka ba, wannan kuwa ba takardar da ke hana shi.

Su ma ma'aikatan jinya suna da nasu ruɗanin. Da yawa suna biyan kuɗin sabunta lasisi suna jiran hukumar ta tsaya musu a kan albashi da alawus, in ba ta yi ba su ce ta ci amanarsu. Wannan aikin ƙungiyar ƙwadago ne. Hukumar rajista ta mara lafiya ce, ko da kuwa da kuɗin nas take tafiya, kuma wannan shi ne ƙullin da ba a kwance ba. A Jamus, jihohi biyu, Niedersachsen da Schleswig-Holstein, sun kafa majalisun ma'aikatan jinya masu rajistar dole da kuɗin dole, aka tambayi ma'aikatan ra'ayinsu, mafi rinjaye suka ce ba sa so, aka rushe su a 2021. Mutum ba ya son biyan kuɗin bulalar da za a dake shi da ita, musamman in yana ganin shi kaɗai take sauka a kansa.

Ita kanta hukumar tana bukatar mai sa mata ido. NMC, wadda rajistarta ta haura mutum 800,000 kuma ake kwaikwayonta a ƙasashe da dama, ta sha kunya a Yulin 2024, lokacin da binciken da Nazir Afzal ya jagoranta ya tarar da cin zali da wariyar launin fata a cikinta, da ƙararraki kusan 6,000 da suka taru ba a yanke ba. Rahoton ya ce mutum shida da ake bincika sun kashe kansu cikin kusan shekara guda. Jinkiri irin wannan yana cutar ɓangare biyu a lokaci ɗaya: mai haɗari tana ci gaba da aiki, marar laifi kuma tana zaune shekaru da tuhuma a wuyanta. Tsarinsu na sabunta lasisi duk shekara uku, wanda ya fara a 2016, yana neman awa 450 na aiki da awa 35 na ƙaro ilimi da rubutattun nazari biyar. Abu ne mai kyau, amma nan ma nas ce ke tara hujja a kan kanta, ba a tambayar asibiti ko ya ba ta lokacin zuwa ƙaro ilimin.

Wani gefen da doka ke barin nas a fili shi ne iyakar abin da aka halatta mata. A wuraren da likita ba ya zuwa, ita ke duba mara lafiya, ta rubuta magani, ta yi ɗinki, ta karɓi haihuwa mai gardama. Kowa ya sani, ma'aikatar lafiya ma ta sani, ta kuma dogara da hakan. Muddin abu na tafiya daidai ba mai magana, ranar da aka samu matsala sai a buɗo littafi a ce ta wuce gona da iri. Gyaran wannan ba mai wuya ba ne, an kuma gwada. Birtaniya ta ba ma'aikatan jinya masu ƙarin horo damar rubuta kusan kowane magani tun 2006. Afirka ta Kudu ta ba su izinin fara ɗora masu cutar ƙanjamau a kan magani a 2010, kuma gwajin da aka yi a lardin Free State, aka wallafa a 2012, ya nuna marasa lafiya ba su cutu ba. Aikin da ƙasa ta san nas na yi, ko dai ta horar da ita ta rubuta shi a lasisinta, ko ta kawo wanda zai yi.

Abin da nake so a gani a kowace dokar aikin jinya abu ne da za a iya rubutawa a shafi guda. Kwamitin ladabtarwa kada ya saurari ƙarar kuskure sai an ajiye masa jadawalin ma'aikatan ranar da adadin marasa lafiyar da ke ɗakin, kuma in ya ga matsalar daga sama take, ya zama wajibi a kansa ya miƙa wa hukumar da ke duba asibitoci. Asibitin da ya sallami ma'aikaci saboda cutar da mara lafiya bai kai rahoto ba, ya fuskanci hukunci mai sunan mutum a kai. Nas ɗin da ta rubuta cewa ɗakinta ba lafiya, doka ta kare ta daga canjin wurin aiki na ramuwar gayya. Ingila ta fara matsawa nan, ko da yake a makare: a ƙarshen 2024 gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a kan sa wa manajojin asibitocinta doka, a 2025 kuma ta sanar da cewa za ta kawo tsarin da zai haramta wa manyan manajojin da aka samu da babban laifi, har da toshe bakin masu fallasa, sake riƙe irin wannan muƙami. Shekara goma sha biyu ke nan bayan rahoton Stafford, kuma shekara ɗari da shida bayan dokar da ta fara rubuta sunayen ma'aikatan jinya a Birtaniya.